Idan Na'ura Ta Tafi Babu Sallama: Daga Filash Ɗin Shago Zuwa Sabobin Microsoft

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau maganarmu a kan abin da kusan kowa ke yi ne: fizge filash ko memori daga kwamfuta haka kawai. Ku leƙa shagunan buga takardu a Kankiya, ko wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi a Kusada. Mutane na tsaye suna jira, da an ga koren layin nan ya cika, sai a zare a miƙa wa mai shi. Yawanci ba abin da ke faruwa. Amma ranar da abin ya ƙi, furojet ɗin ɗalibi na wata shida ne zai ƙi buɗewa, ko kwamfuta ta ce sai an yi wa filash ɗin fomat. To me ke faruwa a ciki?

Tsakanin babbar manhajar kwamfuta, wato irin su Windows da Linux da Android, da duk na'urar da ka jona, akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba. Ita ce tafinta. Idan ka danna Eject, Windows na tambayar manhajoji da direba ko akwai mai sauran aiki da wannan na'urar, a ƙarasa rubuta abin da ya rage, a rufe fayiloli, sannan a ce maka ka cire. Wannan tafiya ce da sallama. Fizgewa kuwa, ko wayar caja mai rawa, ko ramin USB da ƙura ta cika, tafiya ce babu sallama.

Ɓarnar daga wuri biyu take fitowa. Na farko, filash ba ya da saurin ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka kwamfuta kan riƙe wani ɓangare na bayanan a wurinta tana turawa a hankali, alhali allo ya nuna maka an gama. Na biyu, ajiye fayil aiki biyu ne: a zuba bayanan, sannan a rubuta inda aka zuba su. Kamar mai shago ne ya sauke kaya a sito amma bai shigar a littafi ba. Yawancin filash da memori suna kan tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su ajiye tarihin aikin da ake cikin yi. NTFS na Windows da ext4 na Linux kuwa sukan fara rubuta niyyarsu kafin su taɓa littafin, shi ya sa suka fi saurin farfaɗowa. Amma ko su, littafin suke karewa, ba lallai su ceto abin da ke cikin fayil ɗinka ba.

Wani zai ce, ai an ce yanzu ba sai an yi Eject ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Daga Windows 10 fitowar 1809, ta shekarar 2018, Microsoft ta mayar da tsarin Quick removal ya zama na asali, wato ta daina riƙe bayanan filash a wurinta. Sai dai wannan bai hana ɓarna ba idan ana tsakiyar kwafi, ko takardarka na buɗe a Word. Kuma tsofaffin kwamfutocin shagunanmu masu Windows 7 ba a kansu aka yi wannan sanarwar ba.

Yanzu mu shiga ɓangaren masu rubuta direba. A Windows, tun daga Windows 2000, akwai saƙo na musamman da ake aika wa direba mai suna IRP_MN_SURPRISE_REMOVAL. Wannan ba neman izini ba ne, sanarwa ce, direba ba shi da ikon cewa a'a. Aikinsa huɗu ne: ya daina taɓa na'urar nan take, ya mayar da duk buƙatun da ke layi da amsar cewa ba su yiwu ba, ya ƙi karɓar sababbi, sannan ya jira duk manhajar da ke riƙe da na'urar ta saki kafin ya share bayanansa na ƙarshe. Ya yi gaggawar sharewa, wata manhaja ta taɓa wurin da babu komai, sai shuɗin allon nan ya fito. Ya ƙi mayar da amsa, sai kwamfuta ta sandare tana jiran wanda ba zai dawo ba.

Akwai ma wani tarko. Na'urorin da ke kan layin PCIe, irin su katin intanet da had-dis na zamani, idan suka ɓace kuma direba ya nemi karanta halin da suke ciki, amsar da ke dawowa lamba ɗaya ce zalla a jere, wadda ake rubutawa 0xFFFFFFFF. Direban da bai san da haka ba sai ya ɗauka na'urar ce ke magana, ya ci gaba da aiki da amsar banza. Kuma abin ya wuce sandarewa. A 2010 an fasa tsaron PlayStation 3 ta Sony da wata 'yar na'urar USB da ke kwaikwayon jonawa da cire na'urori a jere, har ta rikita ƙwaƙwalwar injin.

To ina kwamfutar cikin kwamfuta ta shigo? Wannan fasaha ce da ke sa inji ɗaya ya ɗauki kwamfutoci da yawa na manhaja, kowace na ganin ita kaɗai ce. IBM ta fara ta tun shekarun 1960, aka kafa VMware a 1998, KVM kuma ta shiga Linux a 2007. Injin gaske shi ne mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa. A nan ba sai hannu ya fizge komai ba, umarni ɗaya daga mai masauki ya isa na'ura ta ɓace wa baƙuwa.

Misali na kusa: ɗalibin da ke koyon Linux a VirtualBox. Da zarar ka miƙa wa baƙuwa filash ɗinka, an ƙwace shi ne daga hannun Windows ba tare da sallama ba, ko da yake yana nan a jone. Idan akwai kwafin da bai ƙare ba, ka yi asara ba ka taɓa komai ba.

Misali na nesa: Azure, sabobin haya na Microsoft. Don ƙarin sauri, ana ba wa baƙuwa wani yanki na katin intanet na gaske. Amma idan za a yi wa mai masauki gyara, sai a janye wannan yankin tana cikin aiki. Dabarar ita ce a ba ta hanya biyu: mai sauri da ke iya ɓacewa, da ta manhaja da ke nan kullum. Ta farko ta tafi, direba ya karkata zirga-zirga zuwa ta biyu, ta dawo ya koma. Linux ma ta samu irin wannan tsarin mai suna net_failover a fitowar 4.18, a 2018. Kun ga a can sun daina ɗaukar ɓacewar na'ura a matsayin hatsari, sun mayar da ita cikin aikin yau da kullum. Manhajoji da yawa da ke wayoyinmu a kan irin waɗannan sabobin suke zaune.

Mu kuma me ya rage mana? Ka rufe takarda kafin ka cire filash, ka danna Eject, daƙiƙa biyar ce. A waya ma akwai shi a saitin ma'ajiya, kafin ka zare memori. Kada ka yi gyaran furojet kai tsaye a kan filash, musamman a shagon da wuta ke iya ɗaukewa: ka kwafa a kwamfuta, ka gama, ka mayar. Ka ajiye kwafi na biyu a imel ko Google Drive. Idan kuma kwamfuta ta ce a yi fomat, kada ka danna, kada ka ƙara zuba komai a ciki, sau da yawa bayanan na nan, littafin ne ya ruɗe.

Ku kuma 'yan uwa masu koyon rubuta manhaja, kada ku tsaya a kan cewa ta yi aiki. Ku sami filash ɗin da ba komai a ciki, ku fizge shi ana tsakiyar aiki, ku kashe data, ku ga yadda manhajarku za ta yi. A nan ake gane gwani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku tura wa wanda kuka san yana rubuta furojet a bana.