Yumɓun da ke Tsaron Ma'aunin Wuta

A masana'antar siminti, irin ta Malbaza cikin jihar Tawa, sai an gasa farar ƙasa da yumɓu har zafi ya kai digiri 1450 kafin a samu siminti. In wuta ta gaza, siminti ba ya yin ƙarfi, ginin da aka yi da shi yana iya tsagewa. In kuwa ta zarce, an yi asarar mai, tubalan tanderu kuma su lalace. Saboda haka tilas a san zafin wuta daidai.

To, da me za a auna wutar da ke narkar da tagulla? A shekarar 1886 wani masanin Faransa, Le Chatelier, ya haɗa bakin wayoyi biyu: ɗaya ta ƙarfen filatin, ɗaya ta filatin gauraye da rodiyom. Mahaɗin yana haifar da ɗan lantarki gwargwadon zafin da ya ji, sai a karanta.

Amma ƙura da hayaƙi suna cinye wayoyin. Shi ya sa ake sanya su cikin bututun alumina, ɗan uwan yumɓun tukwane, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2000. Muddin bututun bai fashe ba, ma'auni yana faɗin gaskiya.