Shawara Ga 'Ya'yanmu Masu Tafiya Aikin Taimako Ƙasashen Waje

Makon jiya wata uwa ta aiko mini da takarda, ta ce an zaɓi 'yarta, malamar asibiti, za ta tafi aikin taimako wata ƙasa, ita kuwa tun da ta ji labarin barci ya ƙaurace mata. Ta ce in faɗa mata abin da za ta gaya wa yarinyar. To, Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ga abin da na ga ya kamata. Ku ma 'yan makaranta ku kasa kunne, gama wata rana tafiyar taku ce.

Wannan aiki ba sabon abu ba ne. A 1958 Turawan Ingila suka kafa ƙungiyar VSO, a 1961 kuma Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa tasu, watau Peace Corps. Samarinsu da 'yan matansu sun koyar a makarantunmu da dama. A 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana Ministan Harkokin Waje, Nijeriya ta kafa nata shirin da ake kira TAC. Ana aika likitoci da malaman asibiti da malaman makaranta su yi shekara 2 a ƙasashe irin su Gambiya da Uganda da Saliyo, har can Jamaika da Fiji. Da mu ake zuwa taimako, yanzu mu ma muna zuwa.

Farko dai a tabbata wane ne ya aike ta. Akwai miyagun dillalai masu yi wa 'yan mata romon baka, su ce ga aiki a ƙasar waje, da an isa sai su karɓe fasfo, yarinya ta zama kamar baiwa. Saboda irin wannan aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Uba ko miji ko wa ya tafi da ƙafarsa ofishin da ya aike ta, ya ga takardu da idonsa. Ke kuma 'yata, fasfonki kada ya kwana a hannun kowa, kuma da kin sauka ki nemi ofishin jakadancin ƙasarmu mafi kusa ki ba da sunanki.

Sa'an nan lafiyar jiki. Tilas a yi allurar shawara, a karɓi katin nan ruwan ɗorawa. Kati ba ya aiki sai allura ta kwana 10, don haka kada a bari sai jajibirin tafiya. Tun 2016 allura guda ta isa har iyakar rai, sai dai a adana katin tare da fasfo.

Yanzu ga babbar magana, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa Ba'amurkiya daga cikin 'yan Peace Corps na farko tana Badun ana koya musu aiki. Ta rubuta wa wani abokinta kati mai hoto, irin wanda ba a sa shi cikin ambulan, ta bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Badun. Suka kwafe shi, suka rarraba, aka yi taro aka yi ta Allah wadai, jaridun duniya suka ɗauka. Ku tuna shekara guda ke nan da samun mulkin kai, zuciya na da zafi. Yarinya ta nemi gafara, amma tilas ta koma gida, ba ta koyar da kowa kome ba.

Ni ban ce muguwa ce ba. Yarinya ce da ta ga abin da ba ta saba gani ba, ta yi saurin baki. To, yau kowace yarinya tana da irin wannan kati a tafin hannunta, watau wayar salula. Kada ki ɗauki hoton majinyaci ko na ɗan makaranta mai yagaggiyar riga ki watsa a Facebook don a ce kina aikin lada. Yadda abin ya yi mana ciwo a 1961, haka zai yi wa mutanen Banjul ko Kamfala. In abu ya dame ki, rubuta shi a littafinki ki rufe, ko ki gaya wa uwarki a asirce.

Wata uku na fari kuwa ki zama mai kallo. Za ki tarar da tsohuwar ungozoma ko malama da ta shekara 20 a wurin, ba ta da takardar shaida irin taki, amma ta san kowane gida. Kada ki gyara mata aiki a gaban mutane. Ki koyi gaisuwa da harshensu tun makon farko, ko Mandinka ko Wolof a Gambiya, ko Luganda a Uganda. Matan Baganda ma durƙusawa suke yi in za su gai da manya, kamar dai mu, wannan ba zai ba ki wuya ba.

Batun ciki ba na wasa ba ne. A Uganda ayaba ɗanya ake turarawa a tuƙa, suna kiranta matoke. A Gambiya akwai miyar gyaɗa da suke kira domoda, za ki ji kamar kina gida. A Jamaika abincin da suke alfahari da shi ana yin sa da busasshen kifi da ɗan itacen nan da muke kira gwanja kusa, asalinsa ma daga Afirka ta Yamma aka kai musu. Amma kada ki taɓa wanda bai buɗe da kansa a bishiya ba, dafi gare shi. Inda Musulmi ba su da yawa, ki tambayi masallacin garin inda ake sayen naman yanka.

Uwa kuwa ta haɗa mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure da kyau a rubuta suna a jiki. Kilishi kam a bar shi a gida, ƙasashe da yawa ba su yarda a shiga da nama ba. Duk abin da ke cikin akwati a faɗa wa ma'aikatan kwastan tun ba su tambaya ba.

Hajiya, in ta buga waya tana kuka a wata na biyu, kewar gida ce, kusan kowa yakan yi ta. Kada ki ce mata ta dawo. Ki tambaye ta sunan maƙwabciyarta, in ba ta sani ba ki ce ta dafa abinci ta kai mata, ta kira ki ran Juma'a ta faɗa miki sunan.