Kuɗin Jirgin Umra, da Inda Araharsa Take Ɓuya

A zamanin dā mai niyyar Makka yakan bi ta Barno da Sudan, yana sana'a a hanya, wani ya shekara, wani ya yi shekaru, kafin ya ƙetare Bahar Maliya. Yau kuwa sa'o'i kaɗan ne tsakanin Kano da Jidda. Tafiya ta gajarce, amma kuɗinta ya zama abin lissafi ga malamin da ya daɗe yana tari, da falken da ba ya so ya taɓa uwar kuɗi.

Kujerar Hajji ba a cinikinta, domin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ce ke yanke kuɗin waɗanda suka bi ta hannun jihohi. Umra ce ke da ciniki.

Sau da yawa mutum biyu sukan zauna kafaɗa da kafaɗa cikin jirgi ɗaya, su ci abinci iri ɗaya, alhali ɗaya ya biya ninkin ɗan'uwansa. Ba zalunci aka yi masa ba, lokaci ne ya kuɓuce masa. Kamfani yakan kasa kujerunsa kashi-kashi, ko wane kashi da harafinsa da farashinsa. Masu araha su ake fara sayarwa, in sun ƙare sai a buɗe na sama da su. Watau wanda ya sayi tikiti da sauran wata biyu, da wanda ya zo ana jibi tashi, ba kasuwa ɗaya suka ci ba. An ga ƙarfin wannan tsari a 2022, sa'ad da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala. Rufe kasusuwan araha suka yi, tikiti ya yi tashin gwauron zabo, ba su sake buɗe su sosai ba sai a 2024.

Sa'an nan akwai wata. Goman ƙarshe na Azumi ita ce ƙololuwar tsada, jirgi da masauki duka. Mai neman ladan Umrar Ramadan ba a hana shi ba, amma wanda bukatarsa ganin Ka'aba da ziyarar Madina ce, ya dubi Muharram da Safar, bayan alhazai sun watse.

Jirgin da ke yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa yakan fi mai miƙewa sauƙi. A nan ne kuma ake tuntuɓe. In tikiti ɗaya ne, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sama wa mutum wani. In kuwa dillali ya haɗa masa tikiti biyu dabam-dabam don ya rage 'yan kuɗi, to, ranar da ya rasa na biyu sai ya sayi sabo daga aljihunsa. Malamai ba su bukatar tuni cewa mai sauka Jidda ya ɗaura haraminsa tun a zango, gama jirgi ba ya tsayawa a miƙati.

Fatake kuma su tambayi awo kafin su biya. Wani tikitin yana ɗauke da jaka biyu, ko wacce kilo 23, wani ɗaya tak, wani ma sai ta hannu. Wanda ya dawo da dabino da jallabiyoyi da turare bisa tikitin da ba shi da awo, a filin Jidda zai amayar da abin da ya rage, har da ƙari. Mafi arahar tikiti kuwa galibi ba a mayar da kuɗinsa, sāke rana ma sai da tara.

Kada a bar ofishin dillali sai an karɓi lambar kujera, mai harafi da lamba shida. A sa yaro mai waya ya duba ta a shafin kamfanin, a ga sunan ya yi daidai da na fasfo, a kuma tabbata an biya, ba ajiye kujerar kawai aka yi ba, domin wadda aka ajiye ba a biya ba takan faɗi bayan 'yan kwanaki.