Zaɓen Kafet Ga Ɗakin Da Ake Ɗumamawa Ta Ƙarƙashin Daɓe

A ƙasashen Turai, inda sanyi kan yi tsanani har ruwa ya daskare, magidanta da yawa sun koma ɗumama ɗakunansu ta ƙarƙashin daɓe. Akan shimfiɗa siraran wayoyin lantarki a ƙasa, a rufe su, sai ɗumi ya riƙa tasowa sannu a hankali har ya game ɗaki. Dabarar kuwa ba sabuwa ba ce. Rumawan dā sukan hura wuta su bi da zafinta ta ƙarƙashin gine-ginensu, haka ma mutanen Koriya. A ƙasar Hausa ma tsofaffi sun san gadon ƙasa, wanda ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi lokacin hunturu.

To, amma duk wanda ya kashe kuɗi ya sa waɗannan wayoyi, sa'an nan ya ɗora musu kafet mai kauri, ya yi aikin baban giwa. Dalili shi ne kafet tamkar bargo yake, yana tare zafi. Idan zafin ya rasa hanyar fita, ɗaki ba zai ɗumama ba, kuɗin wuta ya yi ta hauhawa, wayoyin kuma su yi zafi fiye da kima har su lalace.

Saboda haka a Ingila akwai ma'aunin da ake kira tog, wanda aka ƙirƙiro a birnin Manchester cikin shekarun 1940, don gane yadda yadi ke riƙe ɗumi. Bargon da suke rufa da shi da tsananin sanyi yakan kai tog 13.5. Amma ga ɗakin da ake ɗumamawa ta ƙasa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada kafet da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, in an haɗa su, su wuce tog 2.5. Misali, idan kafet ya kai tog 1.5, to shimfiɗar kada ta wuce tog 1. A nan ne mutane ke yin kuskure, su auna kafet su manta da abin da ke ƙarƙashinsa.

Wajen zaɓe, kafet mai gajeren gashi ya fi mai dogon gashi. Wanda aka saƙa bayansa da algarara ya fi barin zafi ya ratsa a kan wanda aka lulluɓe bayansa da soso. Ulu zalla yana riƙe ɗumi ƙwarai, don haka sai a nemi marar kauri. Shimfiɗar ƙasa kuwa, a guji ta soso mai kauri da ta dunƙulallen gashi, a nemi siririya wadda aka yi musamman domin wannan aiki.

Akwai kuma abubuwan kiyayewa. Zafin saman daɓe kada ya wuce digiri 27, sai a sa na'urar da ke auna shi ta kashe wuta da kanta. Masu shimfiɗa kafet su san inda wayoyi suka bi, gama ƙusa ɗaya tana iya huda waya ta ɓata aikin duka. Kada kuma a ajiye katifa, ko a jibge dardumai, a kan wurin da ake ɗumamawa, domin zafi zai taru a ƙarƙashinsu. Haɗa wutar kuwa aikin ƙwararren mai lantarki ne.

Ya kamata 'yan Nijeriya mazauna waɗannan ƙasashe su tambayi mai kanti adadin tog kafin su biya, su kuma duba abin da masu ƙera wayoyin suka gindaya. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.