Barewar Azurfa Mai Yawo a Kan Tebur: Dukiyar da Sarakunan Turai Suka Adana a Kwanonin Cin Abinci

A ƙarni na 17, lokacin da salon ado mai yawan ƙawa da ake kira barok ke tashe a Turai, biranen Augsburg da Nuremberg na ƙasar Jamus sun shahara da maƙeran farfaru. Suna ƙera kofuna da butoci da siffar mujiya ko zaki ko jirgin ruwa, su shafe su da ruwan zinare. Galibi kan dabbar shi ne murfi, cikinta kuma mazubi.

Mafi ban mamaki ita ce barewar da Joachim Friess ya ƙera a Augsburg wajen shekarar 1620, ɗauke da Diana, abar bautar farauta ta Romawan dā. A gindinta akwai inji irin na agogo. Sai a ɗaure shi a sake ta, ta bi tsakiyar tebur; baƙon da ta tsaya a gabansa shi zai cire kanta ya shanye giyar da ke ciki. Ɗaya daga cikin irinta tana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York.

Sai dai wasan ba shi ne ainihin zancen ba. A wancan zamani azurfa ita ce kuɗi, don haka kowane kofi ajiya ce da aka yi wa kwalliya. Shi ya sa hukumar Augsburg ba ta barin kaya ya fita kasuwa sai an gwada shi, an tabbatar kashi 13 cikin 16 azurfa ce zalla, sannan a buga masa tambarin birni kusa da na maƙerin. Mai saye yana biyan nauyi daban, ladan aiki daban.

Wannan daraja ce kuma ta hallaka mafi yawansu. Idan yaƙi ya taso baitulmali ya bushe, ba wanda ke duba kyan aiki. Nauyi kawai ake aunawa. A 1689 Sarki Louis na 14 na Faransa ya sa aka narkar da kayan azurfar fadar Versailles, har da tebura da kujeru, aka buga kuɗi don ciyar da soja. Abin da ya samu bai kai ko rabin abin da aka kashe wajen ƙera su ba.

Wasu daga cikin waɗanda suka tsira kyautar jakadu ce da aka kulle a taskar sarakuna. Dalili ke nan mai neman tsofaffin kayan azurfar Ingila, waɗanda yaƙin basasarta ya cinye, yakan nufi fadar Kremlin a Mosko, inda damisoshi biyu da aka ƙera a Landan wajen 1600 suke tsaye har yau.