Inda arahar birki take a motar gudu

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a kasuwa bayan 'yan makonni, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi, kuma masu motocin gudu irin su BMW da Marsandi da Golf GTI sun fi kowa ji a jikinsu. Mai irin wannan mota a Doka cikin garin Kaduna, idan birkinsa ya fara kuka ya nufi kasuwar kayan gyara ta Ori-Apata ko Panteka, kaya iri uku za a ajiye masa: mai tambarin kamfanin motar da tsadarsa, ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata mota, sai kuma sabo fil mai arahar da ba ta da dalili. A ganina duk cikin ukun babu mai araha na gaskiya. Akwai na huɗu, wanda sau da yawa sai an tambaya ake fito da shi.

Kamfanonin mota galibi ba su suke ƙera takalman birkinsu ba. Saye suke yi daga irin su Brembo na Italiya, da ATE da Textar na Jamus, da Akebono na Japan, su sa a kwalinsu, su ɗora ribarsu. Waɗannan masu ƙerawa kuwa suna sayar da kaya masu irin wannan inganci a cikin nasu kwalin, a farashi mai sauƙi, kuma wannan ne na huɗun. Akwai ma mizanin da ke taimakon mai saye: ƙa'idar R90 ta Turai ta shardanta cewa takalmin birkin da za a maye gurbin na asali da shi kada aikinsa ya bambanta da na asalin fiye da kashi 15 cikin 100, kuma daga 2016 ta haɗa har da faifan birki. Sai dai mai jabu ma ya iya buga wannan alama a kwali. Saboda haka a buɗe kwalin, a juya takalmin, a duba ko lambar da ke bayan ƙarfen ta yi daidai da ta jikin kwalin, a duba inda abin gogawar ya manne da ƙarfen ko akwai giɓi ko ɓarɓashi. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda a buɗe ya riga ya ba da amsa.

Dalilin guje wa mafi araha yana cikin aikin birkin kansa, wato mayar da gudu ya zama zafi. Zafin kuwa ba daidai yake tafiya da gudun ba: motar da ke kilomita 120 a awa ɗaya, idan za ta tsaya, ninki huɗu na zafin mai kilomita 60 za ta zuba wa birkinta, kuma tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawa. Takalmin da aka haɗa da ƙaron banza, da ya yi zafi sai ya daina kamawa, ƙafa na kan birki mota na ci gaba. Wani zai ce ai shi iyakarsa Kawo zuwa titin Ahmadu Bello, cikin cunkoso. Gaskiya ne a irin wannan tafiya kowane takalmi zai tsayar da mota, shi ya sa ma jabun ke cin kasuwa. Amma wanda ya sayi motar gudu wata rana zai hau hanyar Zariya ko ta Abuja, tirela ta karyo masa, kuma don wannan daƙiƙar ake sayen birki. Kishiyar wannan kuskure ita ce ɗaukar kayan tsere don burgewa. Takalmin tsere sai ya yi zafi yake kamawa sosai, da sanyin safiyar hunturu bai kai na yau da kullum ba, ga ƙara, ga cin faifai. Faifai mai huji-huji kuma, musamman na araha, yakan tsage daga bakin hujin. Faifai sumul daga kamfani sananne ya isa.

Hujjar masu son ɗan Beljiyam ta fi ƙarfi: gara tsohon na asali da sabon jabu. A kan inji ko giya ko ƙofa, maganarsu tana da gindi. Takalmin birki kuwa abu ne mai ƙarewa, kamar sabulu. Sabo yakan kai kauri milimita 10 zuwa 12, ana canza shi idan ya sauko wajen 3, kenan mai sayen tsoho ragowar wani yake saye, wadda ta riga ta goge daidai da faifan wata mota, bai kuma san irin zafin da ta sha ba. Faifan dai ana iya yi masa uzuri, domin ana iya auna shi. A jikin kowane faifai, a gefensa ko a tsakiyarsa, an buga iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba, kuma a motoci da yawa tazarar da ke tsakanin sabo da wannan iyaka ba ta wuce milimita 2 ba. A kankare tsatsar a karanta, a sa makaniki ya auna da ma'auni, kada ya shafa da yatsa ya ce yana da sauran rai. Idan kaurin na nan, babu tsagewa, sitiyari ba ya rawa in an taka birki, to a bar faifan a canza takalma kawai. Nan ne kuɗi mai kauri ke rage wa mutum a aljihu. Kai shi wurin masu injin feƙe ƙarfe ma ba laifi, muddin bayan an feƙe bai faɗa ƙasa da iyakar ba.

Abin da aka rage ɗin kuma akwai inda ya kamata ya tafi. Man birki yana shan danshin iska, ga daminar Kaduna mai tsawo. Sabon DOT 4 sai ya kai aƙalla digiri 230 yake tafasa, amma idan ya sha ruwa mizaninsa yakan sauko zuwa 155, kuma man da ya tafasa ko takalmin Brembo ba zai cece shi ba. A zubar da shi duk shekara biyu. A riƙa canza hagu da dama tare, don kada mota ta riƙa ja gefe ɗaya. Bayan an ɗaura sababbi, a samu hanya mara cunkoso a yi ta rage gudu a hankali sau da dama ba tare da an tsaya cak ba, har takalmin ya zauna a kan faifan.