Littafin shago, garkuwar ɗan kasuwa ranar haraji

A Ghana, mai sana'ar kansa yana da wa'adin 30 ga Afrilu don miƙa bayanin kuɗin da ya samu a shekarar da ta gabata, kuma doka ta ce a adana takardun ciniki har shekara 6. Tun 2021 lambar Ghana Card ce lambar harajin mutum, baƙo ma akwai nasa katin.

Ina sayar da albasar Galmi a Kumasi, kuma abin da na fi gani a wurin 'yan uwa shi ne rashin rubutu. In ba ka da lissafi, jami'in GRA zai iya yi maka ƙiyasi da kansa. Shi kuwa buhunan da ke jibge yake gani, bai san nawa ka ba mai mota ba, bai san buhu nawa ya ruɓe a hanya ba.

Ga yadda nake yi. Shafin dama, abin da ya shigo. Shafin hagu, abin da ya fita: kuɗin mota, kwastan, 'yan dako, hayar rumfa, tikitin kasuwa. Bashi yana da littafinsa daban. Layin MoMo na shago daban da na gida, don kada cefane da kuɗin makarantar yara su cakuɗe da jari. Kowane rasit nakan ɗauki hotonsa a waya, saboda tawadar na gogewa.

Ɗan uwa, ko da ajami ne, rubuta kafin ka rufe shago. Minti goma ya isa.